Gani ya kori ji: aikin ɗan jarida da labarin yunwa a Damargu

Jawabin da aka gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Tanut



Tun daga 1990, lokacin da jaridar Haské ta fito, aka kuma yi babban taron ƙasa a 1991, bakin ƴan jarida ya buɗe a Nijar. Sai dai ƴancin faɗi yana tafe da nauyi, wato tabbatar da magana kafin a buga ta. A Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, ba labarin da wannan nauyi ya fi hawa kansa kamar labarin cimaka, domin ƙasa ce da aka sani da rumbun hatsi, kuma ƙasa ce da fari ke yawan ziyarta.

Shekarar 2005 ta isa misali. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa wa gonaki da makiyaya. Hukumomi da kansu sun ƙiyasta giɓin hatsi na tan 223,000. Kafin daminar 2005 ta kankama, buhun hatsi ya kusanci jika 30 a wasu kasuwanni, dabbobi kuwa suka faɗi warwas, har makiyayi ya sayar da bisashe da yawa kafin ya samu buhu guda.

A kan wannan hali aka samu magana biyu. A watan Agusta na 2005 shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya shaida wa BBC cewa ba yunwa a ƙasar, yana zargin ƴan adawa da ƙungiyoyin agaji da ƙarin gishiri. Kafofin labarai na waje kuwa sun cika duniya da hotunan yara masu tamowa, har mai kallo ya ɗauka ba ƙwayar hatsi ko ɗaya a Nijar. Wanda ya taka kasuwa ya ga abin da ke tsakani: hatsi yana nan a rumfuna, kuɗin sayensa ne talaka ya rasa. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin maganin rashin hatsi daban, maganin tsadarsa daban.

Ɗan jaridar da aka ce masa ana yunwa a Gangara ko Tarka, wajibi ne ya je da ƙafarsa. Ya tambayi kuɗin tiya ranar kasuwar Bakin Birji, wurin mai saye da wurin mai sayarwa, ya gwada da na bara. Ya leƙa rumbuna, ya tambayi malamin asibiti yawan yaran da aka kawo, ya ƙirga gidajen da mazansu suka tafi cirani. Sannan ya kai abin da ya gani gaban hukuma, ya ji ta bakinta, ya buga duka biyun. Alƙaluman da bai san mafarinsu ba ya bar su a aljihu. Addini ma, a cikin Suratul Hujurat, ya yi umarni da bincika labari kafin a yi aiki da shi.

Ƴan kasuwa sun san illar jita-jita: kalma ɗaya marar tushe takan sa a ɓoye hatsi, farashi ya tashi kafin la'asar. Ma'aikata su ma suna da nasu alhaki, domin ma'aikacin da ya rage adadi don faranta wa na sama ya jinkirta agaji. Tarihi bai manta ba cewa yunwar 1973 da yadda aka tafiyar da agajinta suna cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, lokacin da suka kifar da gwamnatin Jori Hamani.

Saboda haka jaridar da ta yi kuskure ta gyara shi a fili, a shafin da ta buga shi. Mai karatu kuma, kafin ya kai labari majalisa ko tasha, ya tambaya wa ya gani da idonsa.

Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalamu alaikum.