Jawabi a Kan Tsohuwar Majami'ar Birnin Paris



Yau za mu yi magana a kan majami'ar Katolika ta Notre-Dame da ke birnin Paris, a ƙasar Faransa. An sa harsashinta a shekara ta 1163, a zamanin Bishop Maurice de Sully. Aikin ya ci kusan shekara 200, saboda haka waɗanda suka fara shi ba su ga ƙarshensa ba.

Hasumiyoyinta biyu na gaba sun kai mita 69. Magina sun so haske ya cika ɗakin sujada, sai suka buɗe manyan tagogi. Don kada nauyin rufi ya ture bango, suka tokare shi daga waje da ginshiƙan dutse. Suka kuma sassaƙa indararo masu tsawo don ruwan sama ya zuba nesa da bango, kamar yadda muke yi wa soro.

Ran 15 ga Afrilu, 2019, ana cikin gyara, gobara ta cinye katakon rufin. Mutane kimanin 340,000 suka ba da gudummawa, aka sake buɗe ta a Disamba 2024.

'Yan'uwa, ruwa da wuta ba su san babbar majami'a da ƙarama ba. Kafin damina, bari kowace ikilisiya ta duba kwanon rufinta, ta gyara indararo, ta share busasshiyar ciyawa kewaye da ginin, ta kuma keɓe wani abu daga baiko domin gyara. Ubangiji ya taimake mu. Amin.