'Yar Ƙodago ko Mai Gona? Darasi Daga Rayuwar Rahama Sadau



Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san bambancin mai gona da ɗan ƙodago. Ɗan ƙodago ya fi kowa zub da gumi, amma ran da aka tone rogo ba shi da ko saiwa ɗaya, kuma in mai gona ya sallame shi, sai ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya. To, haka al'amarin yake a sana'ar fim. 'Yar wasa, kome farin jininta, 'yar ƙodago ce. Mai shirya fim, watau wanda ya zuba kuɗi ya zaɓi labari ya ɗauki ma'aikata, shi ne mai gona. Zan kafa hujja da rayuwar mace guda wadda ta ɗanɗana matsayin nan duka biyu.

An haifi Rahama Sadau a Kaduna cikin shekarar 1993. Ta shiga finafinan Hausa a 2013, lokacin da sana'ar ta riga ta yi shekara ashirin da 'yan kai, in an ƙirga daga Turmin Danya wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Fim ɗin Gani Ga Wane, inda ta fito tare da Ali Nuhu, shi ya fara fito da sunanta, kuma kafin a ce haka ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake rububin ɗauka.

A watan Oktoba na 2016 ta fito a bidiyon wata waƙa ta ClassiQ, mawaƙin nan na Jos, inda aka nuna suna taɓa juna. Nan da nan ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta ba da sanarwar korarta daga sana'ar. Ban zo nan don in wanke bidiyon ba, ita kanta ma ta nemi gafarar jama'a. Abin lura a gare mu shi ne, sanarwa guda ta isa ta raba tauraruwa da hanyar abincinta a rana ɗaya, domin kuwa duk sunan da ta yi, a gonar wasu ta yi shi.

Me ta yi? Ta nemi tata gonar. A 2017 kamfaninta na Sadau Pictures ya fitar da Rariya, fim a kan rayuwar 'yan mata ɗalibai, wanda manyan 'yan wasa irin su Ali Nuhu da Sadiq Sani Sadiq suka fito a ciki. Wadda aka sallama jiya, ga ta yau tana ɗaukar wasu aiki. A 2018 aka janye korar, kuma a shekarar ta fito a Up North wanda aka ɗauka a Bauchi. A 2020 ta shirya Mati a Zazzau, a 2022 kuma ta fito a wani fim na Indiya, kashi na biyu na Khuda Haafiz. Duk da wannan hidima ba ta yar da karatu ba, sai da ta kammala digiri a wata jami'a ta Arewacin Saifurus.

Kada ku zaci wannan dabara sabuwa ce. A Amurka, tun 1919, Mary Pickford, wadda ba a yi 'yar wasa mai farin jininta a zamaninta ba, ta haɗa kai da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists, don su riƙa rarraba finafinansu da kansu. A 1962 kuma Lucille Ball ta saye kason tsohon mijinta a kamfanin Desilu, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya wasannin talabijin a ƙasar. Dukansu sun gane cewa ƙuruciya da kyan fuska ramuwar bashi ce, ba su daɗewa a hannu, alhali kuwa mallakar aiki tana bin mutum har tsufa.

Ina ruwan ɗan Batsari da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Finafinan nan suna cikin wayoyin ƙannenmu har a ƙauyukan bakin dajin Rugu, muna so ko ba mu so. Sa'an nan kuma shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, wasu ne ke ba da labarinmu, mu kuwa mun zama adadi a bakin masu karanta labarai. Tarihin jaruman Ruma, da juriyar uwayenmu mata waɗanda suka bar gidajensu da goyo a baya, wa zai mai da su fim in ba wanda abin ya shafa ba? Mai kuɗin fim shi ke zaɓen labari, kuma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka, 'yan'uwana mata, wadda duk take sha'awar wannan fage, kada burinta ya tsaya ga a ga fuskarta. Ta koyi rubuta labari, da lissafin kuɗi, da karanta yarjejeniya kafin ta sa hannu. Ku kuma ma'aikata, wata rana cikinku za a sami masu tsara dokokin wannan sana'a. Ku tsare mutuncin al'adarmu, amma ku tabbata laifi yana da ma'auni a rubuce, wanda aka tuhuma an saurare shi, kuma mudun da aka auna wa mace da shi ake auna wa namiji.

 Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya.