Kashi na 14: Malt ɗin kwalba da malt ɗin giyar Turawa

Yau wani ƙanenmu da ke karatu a Sukotilan ne ya turo tambaya. Ya ce ya shiga kanti ya ga kwalba baƙa an rubuta "malty" a jiki, har ya kai hannu don ya zaci irin Maltina ce, sai ya ga an rubuta Wee Heavy. To ƙanena, Allah ya kiyaye, giya ce, kuma mai ƙarfi. Bari in warware maka.

Malt ba wani abu ba ne illa tsiron hatsi. Duk wanda ya ga iyayenmu mata na tsirar da hatsi don kunun zaƙi ya san aikin. Turawa sha'ir suke jiƙawa, ya tsira na 'yan kwanaki, sai a busar da shi da zafi. Tsirowar nan ce ke sa sitacin ƙwayar ya iya komawa sukari. Gwargwadon gashin da aka yi masa, gwargwadon duhunsa da ƙamshinsa.

A nan hanya ta rabu biyu. In an dafa ruwan an ɗura a kwalba ba a bari ya ruɓa ba, ka samu lemon malt. In an zuba yisti ya cinye sukarin, ya zama barasa. Wadda ake kira ale, yistinta a sama yake aiki, cikin ɗumi-ɗumi. Kuma ka riƙe wannan: yawan malt shi ne yawan sukari, yawan sukari shi ne ƙarfin giya.

Shi ya sa Wee Heavy ɗin da ka gani takan kai kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari, alhali giyar yau da kullum ba ta cika wuce 5 ba. Launinta ja ne mai duhu, tana da kauri, ɗacinta kaɗan ne don ba a cika mata furen hops ba. Masu ɗanɗana ta suna kwatanta ta da ƙonannen sukari. Mu dai mu ce mazarƙwaila.

A Ingila akwai barley wine, wato ruwan inabin sha'ir, ko da yake babu inabi ko ɗaya a ciki. Ita takan kai kashi 8 zuwa 12, ana iya ajiye ta shekaru, tana ƙamshin zabibi da busasshen dabino. Amurkawa sun ɗauke ta suka ƙara mata ɗaci, kamar Bigfoot ta kamfanin Sierra Nevada. A Beljiyam kuwa, gidajen ibadar Kirista irin su Westmalle sun shahara da dubbel, inda yisti ke ba ta ƙamshin 'ya'yan itace da kayan yaji.

Haɗarin nasu ɗaya ne: zaƙin yana ɓoye ƙarfin. Mutum zai ji kamar alewa yake sha, sai ɗumi ya bi maƙogwaro, kafin ya farga kofi ɗaya ya yi aikin biyu.

Saboda haka kar kalmar malt ta ruɗe ka. Juya kwalbar ka nemi haruffan ABV da lambar da ke kusa da su, ita ce ke faɗa maka yawan barasar. Launi da suna ba sa faɗa.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu a kashi na gaba, ku huta lafiya.