KUNYA DABAN, TSORO DABAN: GAME DA YARON DA BA YA MAGANA

 

Ya ku iyaye da malaman Ƙaraye da Rogo, maganata a yau a kan yaron nan ce mai shiru-shiru, wanda yake zama a ƙarshen aji, shekara ta fita malami bai san muryarsa ba. A gida yabonsa muke yi, mu ce ai wane akwai kunya. To kunya tana daga imani, babu ja. Amma sau da yawa abin da muke yabo tsoro ne, kuma mu muka dasa shi.

Imam Bukhari ya ruwaito cewa wata rana Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya gane dabino ne, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, sai ya yi shiru har Annabi ya ba da amsa. Da ya gaya wa mahaifinsa, Sayyidina Umar bai yaba masa shirun ba. Nuna masa ya yi da ya faɗa, da ya fi soyuwa gare shi fiye da dukiya mai yawa. Ku lura da abu biyu: Annabi ya jefa tambaya a majalisin da yaro yake ciki, sannan yaron ya sami fuskar da zai gaya wa ubansa abin da ke ransa. Umar ɗin nan kuwa, da ya zama Halifa, yakan zaunar da Ibn Abbas tare da dattawan Badar, har ya tambaye shi ma'anar Suratun Nasr a gabansu.

Mu fa? Uba ya shigo gida, yara su watse kamar shaho ya gifta. Ɗan fari kuwa, da sunan alkunya, uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya hira da shi. Wannan al'ada ce, ba ta da madogara a Sunna. A makaranta yaro ya yi kuskure a karatu, ko ya kasa haɗa amsa da Turanci, aji ya fashe da dariya, malami ya bi da bulala. Ina dalilin da zai sa ya sake ɗaga hannu?

Haɗarin ya wuce faɗuwa jarrabawa. Yaron da aka koya wa cewa ba a magana gaban manya, ranar da wani babba ya cuce shi a lungu ko a hanyar talla, ba zai faɗa ba. Azzalumai irinsa suke nema.

Saboda haka uba ya riƙa zama da 'ya'yansa bayan Magariba, ya tambayi mai shirun abin da ya gani a gona ko a kasuwa, ya jira amsa, kada yayansa ya amsa masa. Malami ya fara jin haddarsa shi kaɗai, sannan cikin yara uku, kafin ya tsayar da shi gaban aji. A daina kiransa miskili ko dolo. Mai in'ina kada a ƙarasa masa kalma, a bar shi ya kai da kansa. Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa.

Wani yaron kuma ba ya ji sosai ne. Ƙyanda da sanƙarau da ciwon kunne mai zubar da ruwa duk suna rage ji. Idan kuna kiransa ta baya ba ya waiwayowa, ku kai shi asibiti a duba kunnensa kafin ku ce taurin kai ne.