Lambu da Garke: Maganin da Muka Baro a Gida



An nemi in yi tsokaci kan lafiyar 'ya'yanmu mazauna birane. Na zaɓi ciwon da ba ya nuna jini, wato gajiyar ƙwaƙwalwa da damuwa ke haifarwa. Mutum ya sha cunkoson motoci da kuɗin haya da matsin ofis shekara da shekaru, har barci ya ƙaurace masa, mantuwa ta kama shi, ya riƙa faɗa da iyali ba dalili. Mu kuwa sai mu ce ragwanci ne, ko sammu. Alhali ciwo ne, kuma yana da magani.

A 1984 wani masani ɗan Amurka, Roger Ulrich, ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibitin jihar Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin zafi mai ƙarfi kamar su ba. A 2002 jami'ar aikin gona ta Suwidin ta buɗe lambu a Alnarp musamman domin ma'aikatan da damuwa ta durƙusar. Sukan zo cikin ƙananan rukunoni tsawon makonni, su yi shuka da ban-ruwa, ko su zauna shiru a inuwa, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Hikimar ita ce, shuka ba ta gaggauta mutum, ba ta kuma tuhumarsa.

Haka dabbobi suke. Gidan jinya na York a Ingila, wanda aka buɗe a 1796, ya ajiye zomaye da kaji domin masu taɓin hankali su kula da su. Ƙasar Holan ta kafa ɗaruruwan gonakin jinya, inda marar lafiya ke kiwo da noma. Dabba tana jiran abincinta kowace safiya, don haka takan ba wanda ya yanke ƙauna dalilin tashi daga shimfiɗa.

A nan gida ma, a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara saukar da masu jinya a gidajen ƙauyawa kusa da asibitin Aro a Abekuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana.

'Yan'uwa, abin da wasu ke ginawa da kuɗi, mu gadonsa muka yi: fadama, inuwar tsamiya, garken tumaki. Sai dai a kula, lambu ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daina cin abinci, ko yake zancen halaka kansa, asibiti za a kai shi nan take.

Roƙona uku ne. Ƙungiya ta kare fadamarmu daga masu yanka filaye. Kowane reshe ya dasa bishiyoyi a makarantu da asibitin gari, ya kuma ɗauki nauyin ban-ruwansu. Sannan idan ɗanmu ya dawo daga birni a gajiye, kada a yi masa laƙabi. A ba shi kunya biyu ta yaɓo da tunkiya guda, a bar shi ya huta.

Allah ya ƙara mana lafiya da zumunci.