Jawabi Kan Yi wa Hoton Mai Koyo Gyara



Idan mai koyo ya miƙo muku hoton da ya ɗauko a Sharaɗa, Challawa ko Bompai, kada ku tsaya ga cewa bai yi ba. Ku fara yaba abin da ya dace, misali yadda ya kama baƙin ruwan masana'antun fata yana gangarawa Kogin Challawa. Sa'an nan ku nuna aibi ɗaya tare da maganinsa: fuskar lebura ta yi duhu domin an fuskanci rana, gobe sai ya juya wa rana baya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda aka kushe yakan ajiye kyamara, gurɓatar kogin nan kuwa ta rasa mai ba da shaida.