Sanata Uku-Uku Ga Kowace Jiha: Shin Adalci Ne?

Jawabin da aka yi wa jama'a a garin Suleja, Jihar Neja



Tambayar da za mu duba yau ita ce: me ya sa jiha mai mutum miliyan tara da jiha mai ƙasa da miliyan biyu suke da sanatoci daidai wa daida a Majalisar Dattawa? Babu inda ya fi dacewa a yi wannan magana kamar Suleja. Garin nan shi ne ya sallama wa sabon babban birnin Tarayya sunansa na Abuja da wani yanki mai yawa na ƙasarsa bayan dokar 1976, ya ɗauki sunan Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Yau mutumin Madalla jiharsa tana da sanata uku, maƙwabcinsa na Zuba kuwa yankinsa yana da ɗaya tak.

Yadda Abin Yake

Sashe na 48 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanata uku, ya ba Birnin Tarayya ɗaya. Jihohi 36 sau uku 108 ke nan, a ƙara na Abuja su zama 109. Majalisar Wakilai kuwa kujeru 360 gare ta, an raba su bisa yawan jama'a. Kano tana da 24, Ikko 24, Neja 10, Bayelsa 5, Birnin Tarayya 2.

Wannan tsari yana da asali. A zaɓen 1959 Jihar Arewa tana da kujeru 174 daga cikin 312 na Majalisar Wakilai, watau ita kaɗai ta rinjayi Gabas da Yamma a haɗe. Domin a kwantar wa kowa hankali, Majalisar Dattawa ta lokacin samun mulkin kai ta ba kowace jiha mutum 12, ta ba Ikko huɗu, ga wasu huɗu na naɗi. Da aka koma mulkin farar hula a 1979, sai aka ba kowace daga jihohi 19 sanata biyar, jimla 95.

Hujjar Masu Suka

Kada mu raina hujjar masu suka, gama tana da nauyi. A ƙidayar 2006 Kano tana da mutum wajen miliyan 9.4, Bayelsa kuwa miliyan 1.7. In an raba, sanatan Kano yana magana da yawun mutum fiye da miliyan uku, na Bayelsa kuwa ƙasa da dubu ɗari shida. Ran jefa ƙuri'a a majalisa hannu ɗaya kowa zai ɗaga. Ashe ke nan muryar mutumin Bayelsa ta ninka ta Bakano fiye da sau biyar. Al'amarin kuma ba ƙarami ba ne, domin Majalisar Dattawa ce ke amincewa da naɗin ministoci da jakadu da Babban Jojin Ƙasa.

Akwai suka ta biyu wadda ta fi wannan zurfi. In ban da Jihar Yamma ta Tsakiya da aka ƙirƙira a 1963, duk jihohinmu gwamnatocin soja ne suka yanka su: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sa'an nan 36 a 1996. Duk wanda aka ba jiha an ba shi sanata uku. Saboda haka shiyyar Arewa maso Yamma mai jiha bakwai tana da sanata 21, Kudu maso Gabas mai jiha biyar tana da 15, kuma mutanenta sun daɗe suna kuka a kan haka.

Hujjar Masu Goyon Baya

To, amma a tuna majalisun biyu ne. Sashe na 58 ya ce babu shirin da zai zama doka sai duka biyun sun amince. Manyan jihohi ba su iya tilasta wa ƙanana a Majalisar Dattawa, ƙananan kuma ba su iya tilasta wa manya a Majalisar Wakilai. Dole sai an zauna an sasanta. Haka kuma in an sami saɓani a kan kasafin kuɗi, kwamitin haɗin gwiwa ya kasa warwarewa, sai majalisun biyu su zauna tare, mutum 469, inda wakilai 360 ke da rinjaye. Watau a batun kuɗi yawan jama'a ne ke yanke hukunci a ƙarshe.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A taron tsara mulkin Amurka na 1787 wannan gardama ta kusa wargaza zaman, sai aka daidaita a kan sanata biyu ga kowace jiha. A ƙidayarsu ta 2020 Kalifoniya tana da mutum fiye da miliyan 39, Wayomin ba ta kai dubu ɗari shida ba, amma sanata bibbiyu gare su. Ratar da ke tsakanin jihohinmu ba ta kai ko kusa da wannan ba. Jamus kuwa ta bi tsaka-tsaki, tana ba kowace jiha ƙuri'a uku zuwa shida gwargwadon girmanta.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Jama'a, ma'aunin adalci a tarayya biyu ne: adalci tsakanin mutum da mutum, da adalci tsakanin al'umma da al'umma. Majalisar Wakilai ta ɗauki na farko, ta Dattawa ta ɗauki na biyu. A ganina tsarin yana da adalci muddin ma'aunan biyu suna aiki tare. Inda gyara yake shi ne yadda aka yanka jihohi, da kuma ƙidayar jama'a, domin rabon kujeru ba zai yi daidai ba sai da ƙidaya ingantacciya wadda kowa ya yarda da ita.

Wanda bai gamsu ba yana da hanya. Sashe na 9 ya yarda a gyara Tsarin Mulki in kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun amince, tare da majalisun jihohi 24. Kafin nan, ku san naku. Suleja tana cikin mazaɓar sanata ta Neja ta Gabas, kuma ita da Tafa da Gurara suna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai. Ku rubuta musu, ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a, ku tambaye su abin da suka faɗa da yawunku. In wakili ya gaza, sashe na 69 ya ba ku ikon yi masa kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, aka kuma tabbatar da ƙuri'ar raba gardama.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ɗaukaka Nijeriya. Wassalamu alaikum.